Awa uku a bayan wata dattijuwa a tsohuwar unguwar Yahudawan Landan

Zaman jego ne ya kai ni Landan. Da ɗiyata ta ga na yi wata guda a ɗaki kamar kaza mai kwanci, sai ta saya mini tikitin wani zagayen tarihi da ake yi a ƙafa ranar Lahadi, fam 15, wai tunda na ƙare aikina ina koyar da tarihi ba zan rasa abin tsinta ba. Na tafi ne don kada in watsa mata ƙasa a ido.

A bakin tashar jirgin ƙasa ta Liverpool Street muka haɗu, mu 14, kusa da gumakan yaran nan masu riƙe da akwatuna, waɗanda aka kafa don tunawa da yara kusan 10,000, yawancinsu Yahudawa, da aka kwaso daga hannun 'yan Nazi a 1938 da 1939. Ja-gorar tamu Bayahudiya ce 'yar ƙarama, ta doshi shekara 80, da sanda a hannu ɗaya, ɗayan kuma jakar cefane cike da tsofaffin hotuna a cikin leda. Ko sisi ba ta karɓa a kuɗin tikitin. Aikin sa kai take yi, kuɗin yana tafiya wajen gyaran wata tsohuwar maƙabartarsu.

Tarihin sarakuna a gurguje ta wuce shi, kuma na ji daɗin hakan. Sarki Edward na Ɗaya ya kori Yahudawa daga Ingila a 1290, aka bar su suka dawo a zamanin mulkin Oliver Cromwell wajen 1656, waɗanda asalinsu Sifen da Fotugal ne suka buɗe majami'ar Bevis Marks a 1701. Nan ne ƙorafina na farko. Tallar da masu shirya zagayen suka sa a intanet ta nuna hoton cikin ginin da fitilunsa na kyandir, kowa ya ɗauka za mu shiga, ashe daga ƙofa za mu leƙa. Da sun faɗa tun farko, ba mai jin haushi.

Da muka shiga lungunan Spitalfields ne matar ta zama wata daban. Nan talakawan Yahudawa da suka gudo daga Rasha da Polan bayan kashe-kashen 1881 suka cunkushe, yawancinsu teloli, da kakanta a ciki. Ta tsaya a wata tsohuwar ƙofa ta ce kowa ya matso. A jikin katakon hannun dama, daidai kafaɗar mutum, akwai wani ɗan shaci a karkace wanda bai wuce tsawon yatsa ba, da ramukan ƙusa biyu da fenti ya kusa cikewa. Gurbin mezuza ne, ɗan kwanson da suke sa rubutacciyar aya ta Attaura a ciki su kafa a bakin ƙofa. Masu gidan sun tashi tun tuni, an shafa fenti ya fi sau nawa, shacin ya ƙi ɓacewa. Ta ce ta yi shekaru tana bi layi-layi tana rubuta lambar duk gidan da ta ga irinsa, kuma duk lokacin da wani mai kuɗi ya sayi gida ya sake ƙofa, sai ta soke lamba ɗaya a littafinta. Ta nuna mana littafin. Sokakkun sun fi yawa.

A titin Brune akwai ginin da aka riƙa raba wa talakawansu miya da burodi. Yanzu gidajen haya ne masu tsada, amma rubutun yana nan a goshin ginin da shekaru biyu, 1902 da 5662 ta lissafinsu. Wai kakarta takan ɓoye tukunya a ƙarƙashin mayafi in za ta je karɓa, alhali maƙwabciyar da take jin kunya ita ma tana cikin layin da tata tukunyar.

Muna tafe na matsa kusa na ce, "Mama, ban da wannan yawon, me kike yi wa jama'arku?" Ta ce tana kwafe rubutun duwatsun kabari kafin ruwan sama ya cinye su, tana naɗar muryar tsofaffi, sannan ta fi shekara 30 a cikin matan da ke wankan gawa. Na ce ni ma ina yi. Sai ta tsaya cak. Muka shiga gwada bayani: su ma mace ke wanke mace, farin likkafani marar ado, ba a jinkirta binnewa, kuma ba a surutun banza a kan mamaci. Ta kama hannuna ta juya tafin tana kallo, ba ta ce komai ba, har sai da wani Ba'amurke ya yi gyaran murya.

Masallacin Brick Lane kuwa na san labarinsa a takarda: Kiristocin Faransa 'yan gudun hijira suka gina shi coci a 1743, ya zama majami'ar Yahudawa dab da 1900, ya koma masallacin 'yan Bangaladash a 1976. A can sama akwai agogon rana da rubutun Latin mai ma'anar mu inuwa ne. Abin da takarda ba ta ba ni ba shi ne tsayuwa da jikar wanda ya yi ibada a ciki, lokacin da mutane ke ta shiga sallar azahar tana matsa musu hanya da sandarta.

Aibin zagayen ba ɓoyayye ba ne. Muryarta ƙasa-ƙasa take, ba a ba ta lasifika ba, in mota ta wuce rabin magana ya tafi. An ce awa biyu, muka yi uku, ba wurin zama, ba a tanadi inda za a zaga ba, gwiwoyina kwana biyu suna ba ni labari. Arangamar Cable Street ta 4 ga Oktoba 1936, ranar da mutanen unguwa suka tare wa Oswald Mosley, jagoran 'yan fasist masu ƙin Yahudawa, da 'yan baƙar rigarsa hanya, a tsaye ta ba da ita cikin minti biyar don lokaci ya ƙure, ko titin ba mu je ba. Wanda kuma zai je don muhawarar Falasɗinu ya riƙe kuɗinsa. Wani saurayi ya tayar da zancen, ta ce iliminta a nan unguwar Whitechapel ya tsaya, ta ci gaba da tafiya.

Mai sha'awa ya sa takalmi marar tsini, ya tsaya kusa da ita, kuma ya tambaya tun wajen sayen tikiti ko ita ce za ta ja ranar, don na ji akwai wasu matasa da ke karɓarta, ban san ko su ma suna ɗauko littafin ba. Ni dai da na koma gida sai da na goya jariri na bi layin su ɗiyata ƙofa-ƙofa ina leƙen hannun dama. Na samu biyu, na rubuta lambobin a bayan tikitin.