Kafson Creon bayan tiyatar fankiriyas: ƙarfina ya dawo, amma ban huce da mai kemis ba

Wata tara ke nan ina haɗiyar kafson Creon, maganin da ke taimaka wa narkar da abinci, da duk abincin da zan ci, kuma yau da asuba na taka daga gidana a Tudun Wada zuwa masallaci na dawo ban zauna a dakalin kowa na huta ba. Wanda bai gan ni a Disambar 2023 ba ba zai gane nauyin wannan magana ba. Shi ya sa na ce bari in rubuta, ko Allah ya sa wani da ke kwance a irin halin da na shiga ya ci karo da shi, ko masu jinyarsa.

Ciwon daji aka samu a kan fankiriyas ɗina. Duk wanda ya zo dubiya sai ya ce saifa ce ko? Ba saifa ba ce. Wata tsoka ce doguwa da ke kwance a bayan tumbi, aikinta biyu: ita ke fitar da insulin mai daidaita suga, ita ce kuma ke zuba ruwan da ke narkar da abinci a cikin hanji. Ni da shawara abin ya fara min, ido ya yi ɗorawa, fitsari ya yi ja, ga ƙaiƙayi ba dare ba rana. Sai da na yi makonni ina shan jiƙe-jiƙe kafin aka ɗauki hoton ciki. A watan Oktoba na 2023 aka yi min aikin da suke kira Whipple, sunan wani likitan Amurka ne, Allen Whipple, da ya bayyana aikin a 1935. Sun yanke kan fankiriyas, da farkon ƙaramin hanji, da maɗaciya, da wani ɓangare na bututunta, sannan suka haɗa abin da ya rage suka ɗinke.

Aiki ya yi kyau, alhamdulillahi. Bayan an sallame ni ne wahala ta soma. Ina ci, amma ina ƙarewa. Uwargida ba abin da ba ta dafa ba: farfesun kaza, kunun gyaɗa, dafaffen ƙwai, tuwon shinkafa da miyar taushe, fura da nono mai kyau da ake kawo mana daga Kawo. 'Yan uwa suka yi ta kawo zuma da dabino da gwangwanayen madara masu tsada. Duk kamar ana zuba ruwa a kwando. Daga kilo 74 na sauko 57. Ku gafarce ni da wannan bayani, amma dole in faɗe shi domin shi ne alamar: bayan gida ya koma fari-fari, da maiƙo, yana yawo a saman ruwa, ga wari irin wanda ban taɓa sani ba, sau biyar sau shida a yini. Ciki kullum a kumbure. Sallah a zaune nake yi, wanka ma sai an ajiye min kujera.

Da na koma asibiti likita ya ce abincin wucewa kawai yake yi, ragowar fankiriyas ɗin ba ya fitar da isasshen ruwan narkarwa, musamman na maiƙo, kuma idan ramar ta ci gaba ba zan iya jure maganin ciwon dajin da za a fara ɗura min ba. Ya rubuta Creon mai 25,000, wato lambar ƙarfin maganin ke nan, ba kuɗinsa ba. Ɗana ya je wani babban kemis a cikin gari, ba sai na faɗi suna ba, ya sayo. Kuɗin kun san shi, tun da Naira ta faɗi a 2023 duk maganin da ake shigowa da shi ya fi ƙarfin talaka. Yaron kantin ya ja layi uku a jikin kwali kamar yadda suke yi wa maganin ciwon kai: safe, rana, dare. Haka na yi ta sha mako biyu, bayan na gama cin abinci, da safe ma da ruwan shayi mai zafi nake kora shi. Ban ga komai ba. Da a lokacin na rubuta sharhin nan, da cewa zan yi asarar kuɗi ce.

Wata yarinya mai kula da abincin marasa lafiya ce ta warware min, Allah ya yi mata albarka ya ba ta zuri'a ta gari. Ta ce, "Baba, wannan ba da agogo ake shan sa ba, da loma ake shan sa." A haɗiye shi da lomar farko, idan fiye da ɗaya ne a bar sauran zuwa tsakiyar ci, domin sai ya cakuɗa da abincin sannan zai yi aiki. Da ruwan sanyi, domin zafi yana kashe sinadaran da ke ciki. Kada a tauna, 'yan ƙwayoyin da ke cikin kafson an lulluɓe su ne yadda za su wuce tumbi su buɗe a hanji. Ko ƙosai uku zan ci ko kofin madara, sai da shi. Ta koma wurin likita aka ƙara min, biyu a babban abinci, ɗaya a ɗan abin taɓawa. Wallahi kwana biyar ba su cika ba na ga canji. Kumburi ya sauka, zaryar banɗaki ta tsaya. Ranar da na hau sikeli na ga 59 sai da na yi hawaye a gaban ma'aikaciyar jinya. A watan Janairu na yi sallah a tsaye.

To, a nan ne abin ya faru, kuma shi ne ainihin dalilin rubutun nan.

Wani dare a watan Fabrairu, bayan isha'i, 'yata da ke karatu a jami'a ta shigo da takardar nan mai ƙananan rubutu da ke cikin kwalin magani. Ta durƙusa ta yi shiru. Na ce lafiya? Ta ce, "Baba, akwai maganar da na gani, na rasa yadda zan gaya maka, kuma ba zan iya ɓoye maka ba." Ta nuna min layin da yatsa. Daga fankiriyas ɗin alade ake haɗa maganin.

Ban san yadda zan kwatanta abin da na ji ba. Shekarata 58, ko gidan cin abincin da nake shakkar tukunyarsa ban taɓa zama ba. Ga shi wata biyu ina yin bismillah ina haɗiyar wannan abu sau takwas a yini, in tashi in yi alwala in fuskanci alƙibla. Daren nan ban runtsa ba. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne tunanin cewa ƙarfin da na samu na tsayuwa a sallah daga nan ya fito.

Gari na wayewa na sa aka kai ni kemis ɗin a Keke Napep. Na nemi mai kantin da kansa. Na ce, "Ɗana, kana ganin mu Musulmi, kai ma Musulmi, ka sayar mana da wannan har sau biyar ba ka taɓa cewa komai ba?" Ko ɗago kai bai yi sosai ba. Ya ce, "Alhaji, ai ba ku tambaya ba. Abin da likita ya rubuta muka ba ku." Wa zai tambaya? Wane ne ke zuwa sayen magani ya ce ko akwai alade a ciki? Ban gama jin zafin wannan ba sai ya miƙo hannu ya sauko da wata roba mai hoton gwanda da abarba, ya ce wannan na ganye ne zalla, aikinsu ɗaya, har ya ɗan fi sauƙi. Ina cikin ruɗani, zuciyata na neman mafita, na biya na karɓa. Wannan shi ne abin da har gobe ban yafe ba. Shirun da ya yi da farko zan iya cewa sakaci ne. Amma ya dubi mutumin da aka yanke wa rabin kayan ciki, ya ce masa aikinsu ɗaya, alhali ba ɗaya ba ne, don kawai kada ciniki ya wuce shi.

Kwana tara na yi ban taɓa Creon ba. A rana ta uku komai ya dawo sabo, maiƙon, warin, murɗar ciki. Ga maganin ciwon dajin da ake ɗura min yana nasa aikin. Na ɓoye wa likita, na ɓoye wa ɗana. Uwargida ce kaɗai ta sani, kullum da dare sai ta ce, "Malam, don girman Allah ka tambayi masu ilimi, kada ka yanke wa kanka hukunci." A rana ta tara na sunkuya zan wanke ƙafa a wurin alwala, jiri ya kwashe ni na faɗi, goshina ya bugi bakin famfo. Da aka auna ni na zubar da kilo 3, aka ɗage ɗurin maganin makon.

Limamin unguwarmu ya zo dubiya washegari, na kori kowa daga ɗakin na gaya masa. Na ce, "Allah gafarta Malam, na gwammace in mutu da tsarkina." Bai yi min faɗa ba. Tambaya uku ya yi: akwai wani magani na halal da ke yin aikin nan daidai? Likitan da ka amince da iliminsa ne ya ce kana buƙatarsa? Barinsa zai cutar da kai? Ya ce in samo amsar ta farko daga likita, sauran biyun goshina ya riga ya amsa. Ya karanto min aya ta 173 a Suratul Baƙara, inda aka haramta naman alade kuma a cikin ayar aka ɗauke laifi daga wanda larura ta tilasta, ba da son rai ba kuma ba da wuce iyaka ba. Ya ce jikin nan amana ne a hannuna, ba nawa ba ne da zan bar shi ya lalace.

Likita kuma ya ce duk magungunan wannan rukuni da ake rubuta wa irinmu daga alade suke, saboda sinadaran narkarwarsa sun yi kusa da na ɗan Adam, kuma na gwanda da abarba ba sa maye gurbinsu, musamman wajen maiƙo. Ya ba ni haƙuri, ya ce shi ya kamata ya fara gaya min. Na karɓi haƙurinsa domin ya faɗa da bakinsa. Na koma kan magani a daren. Ba zan ce zuciyata ta saki nan take ba, na fi wata ina jin wani abu a maƙogwaro duk lokacin da zan haɗiya. Yanzu ya wuce.

Shi Creon ɗin ba ni da abin cewa a kansa sai alheri. Kilona 66 yau. Ina cin tuwo da man shanu, ina cin tsire idan an yi shi da tsabta. Na fara da zagaya tsakar gida, na koma bakin layi, yanzu da yamma nakan yi tafiyar rabin awa. Ba maganin ciwon daji ba ne, kada wani ya ɗauka haka, kuma bai hana ni auna suga kowace safiya ba, domin wanda aka taɓa masa fankiriyas ciwon suga na iya biyo baya. An kuma duba min bitamin A da D da E da K, su ne masu bin maiƙo, idan maiƙo bai narke ba su ma ba sa shiga jiki. Yawan da nake sha likita ne ya tsara min, na wani zai bambanta.

Amma da na tuna watan Afrilu sai raina ya sake ɓaci. A wancan babban kemis ɗin dai, domin a lokacin su kaɗai ke da shi, ɗana ya sake sayowa. Takardar da ke cikin nawa ta ce kada a ajiye shi inda zafi ya wuce digiri 25. Kun san Kaduna a Maris da Afrilu, kun san yadda wuta take. Da na je da kaina na ga kwalayen a jere cikin gilashi ta wajen ƙofa, rana na dukansu, ba fanka ba na'urar sanyaya ɗaki. Wannan kwalbar sai da na riƙa ƙara ɗaya a kan abin da na saba kafin cikina ya zauna, na gaya wa likita ya ce zafi na rage masa ƙarfi. Na yi musu magana, yaron ya ce ai bai yi isfaya ba. Magani mai wannan tsada, wanda mutane ke sayar da fili su saya, a ajiye shi kamar sabulu! Daga ranar na daina zuwa. A gida cikin durowar ɗakin da ya fi sanyi nake ajiyewa, ba na barinsa a mota, ba na sa shi a aljihun wando inda ɗumin jiki zai taɓa shi.

Sai wahalar samu. A 2024 ƙarancinsa har Ingila ya kai, balle mu. Sau biyu sai da ƙanena ya saya a Abuja ya ba wani ya taho da shi a jirgin ƙasa, muka je Rigasa muka karɓa. Ni da nake shan takwas ko tara a yini, guda 100 ba sa kai ni mako biyu, kullum cikin lissafi nake. Akwai ranar da na rage cin abinci da gangan don kafson ya kai ni Juma'a, uwargida ta gane ta yi ta kuka.

Yanzu wani ƙaramin kemis nake zuwa ta wajen Unguwar Rimi. Matar da ke wurin, ranar farko kafin ta karɓi kuɗi ta ce, "Baba, an gaya maka abin da aka yi shi da shi?" Na ce an gaya min, 'yata, bayan na sha wuya. Nata a ɗaki mai sanyi yake, sai dai ba kullum take da shi ba. Guda 38 suka rage min, ta ce kaya za su iso ranar Alhamis. Idan akwai wanda ya san wani wuri a Kaduna ko Zariya da ake samun mai 25,000 kuma ana ajiye shi yadda ya kamata, don Allah ya sanar da ni kafin Laraba.