Sharhi: Littafin Dale Carnegie kan magana a gaban jama'a, inda yake aiki da inda yake buƙatar gyara

Da wuya ka tsaya gaban teburin masu sayar da littattafai a ƙofar jami'a ko a bakin titi ba ka ga sunan Dale Carnegie ba. Wanda nake sharhi a kai shi ne The Quick and Easy Way to Effective Speaking, wato hanya mai sauri da sauƙi ta iya magana. Ya fito a 1962, shekara bakwai bayan mutuwar marubucin, kuma matarsa Dorothy ce ta sake tsara shi daga tsohon littafinsa na 1926. Carnegie ya fara koyar da wannan fanni ne a 1912 a ajin dare a birnin New York, ɗalibansa kuma ma'aikata ne da 'yan kasuwa masu son su iya miƙewa a taro su faɗi abin da ke bakinsu. Wannan asalin ya bi littafin. Ba don masu wa'azin awa biyu ko 'yan siyasa aka rubuta shi ba. An rubuta shi ne don wanda za a ce masa "Malam, ga minti uku" sai gabansa ya faɗi.

Bayan karanta shi da aiki da shi babi bayan babi, hukuncina shi ne ya ci kuɗinsa. Amma sunansa akwai yaudara a ciki, domin babu sauri babu sauƙi. Babi goma sha huɗu ne a kashi biyar, ana iya cinye su a kwana uku, kuma wanda ya yi haka zai tashi yadda ya zauna. Harshe da numfashi da ƙafafu ba sa koyo ta ido.

Abu mafi daraja a littafin shi ne yaƙin da ya yi da haddar jawabi. A nan ya taɓa mu sosai, domin mun tashi da hadda tun daga allo, kuma muhawarar makarantun sakandare yawanci haddacewa ake yi a zo a zuba. Hadda kamar sarƙa take, kowace jimla tana riƙe da ta gabanta. Idan yaro ya yi kuka a bayan ɗaki ko lasifika ta yi ƙara, zobe ɗaya ya tsinke, sai duk sauran su zube, mai magana ya tsaya yana kallon rufi yana neman kalma maimakon ma'ana. Littafin ya kawo misalin Winston Churchill, tsohon Firaministan Birtaniya, wanda a ƙuruciyarsa yake haddace jawabi har ranar da kansa ya ɗaure a tsakiyar magana a Majalisar Dokokin Birtaniya, ya koma ya zauna. Hakan ya faru ne a 1904. Ko da hadda ba ta tsinke ba, murya tana tona asiri. Sautin mai karanto abu daga ƙwaƙwalwa daban yake da na mai zance, kuma jama'a suna ganewa tun a minti na farko.

Abin da ya maye gurbin hadda shi ne tsara ma'anoni. A aikace, ɗan kati ɗaya mai girman tafin hannu ya isa jawabin minti biyar. Layi biyar, kowane layi kalma uku ko huɗu, da manyan haruffa yadda za a gani ba tare da sunkuyawa ba. Sai a faɗi jawabin da baki sau biyar ko shida kafin ranar, kowane karo da kalmomin da suka zo, ba a neman su yi daidai da na jiya. Littafin ya ba da shawarar a gwada maganar a cikin hira da abokai ba tare da sun san gwaji ake yi ba, kuma wannan dabara tana aiki: inda abokin hira ya ce "ban gane ba" ko ya ɗauki wayarsa, nan ne jama'a ma za su ɓace maka. Abubuwa uku ne kawai nake ganin dole a haddace su daram: jimlar buɗewa, jimlar rufewa, da duk wata aya ko hadisi da za a kawo. Na ukun littafin bai san da shi ba, amma a taronmu kuskure a aya yana shafe duk abin kirkin da ka faɗa. Idan ba ka da tabbacin lafazin, faɗi ma'anar ka ce ma'ana ce.

Abu na biyu mai amfani shi ne tsarinsa na gajeren jawabi mai neman a yi wani aiki. Mataki uku ne: misali, sannan abin da kake so a yi, sannan dalili. A ce taron unguwa ake yi kan yashe magudanar ruwa kafin damina, an ba ka minti biyu. Yawancinmu za mu fara da bayanin muhimmancin tsafta, lokaci ya ƙare ba mu iso wurin ba. Bisa wannan tsari, kusan daƙiƙa casa'in za su tafi a kan abu ɗaya da ya faru: wane dare ne ruwa ya shigo, wane layi, ina ruwan ya kai a jikin bango, me aka yi asara. Sai daƙiƙa goma sha biyar na buƙata, a fili kuma guda ɗaya: kowane gida ya fito da mutum ɗaya da shebur ranar Asabar bayan sallar asuba. Sai jimla ɗaya ta dalili. Inda ake kuskure shi ne a jero buƙatu huɗu, ko a ce "mu haɗa kai", wanda ba aiki ba ne da mutum zai iya tashi ya yi.

Haka ma babin gabatar da baƙo mai jawabi. Ya ce a faɗi batun, a faɗi abin da ya sa batun ya shafi masu sauraro, a ƙare da wanda zai yi maganar, duka kada ya wuce kamar minti ɗaya. Da masu gabatarwa a tarukanmu za su karanta wannan babin kaɗai, da an rage wahalar zama a rana.

Kan fargaba, littafin ya yi gaskiya da ya ce ba ta tafiya gaba ɗaya ko ga ƙwararru, sai dai bayaninsa ya fi karkata ga ƙarfafa zuciya, bai zurfafa cikin abin da ke faruwa a jiki ba. Jiki yana sakin sinadarin adiranalin, zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya koma sama-sama a ƙirji, yawu ya ƙafe, hannu ya kama rawa. Murya tana rawa ne saboda iskar da ke ɗauke da ita ta yi kaɗan. Maganin da ke aiki nan take shi ne a tsawaita fitar da numfashi: a ja iska ta hanci ana ƙirga huɗu har ciki ya taso, a sake ta a hankali ana ƙirga shida, sau biyar ko shida tun kana zaune kafin a kira sunanka. A ajiye ruwa kusa. A bar goro da kofi da shayi mai kauri na 'yan awanni kafin taro, domin suna ƙara bugun zuciya da rawar hannu. Kada a riƙe falle ɗaya na takarda, tana kaɗawa kowa ya gani. Kati mai kauri ba ya yin haka.

Yanzu inda littafin yake buƙatar gyara kafin a shiga da shi taron Hausawa, kuma a nan ne mai bin sa ido rufe zai ji kunya.

Carnegie yana so ka faɗa cikin labarinka daga jimlar farko. Gwada haka a gaban hakimi da limamai da dattawan gari, ba sallama ba gaisuwa, ka ga yadda fuskoki za su canza. Ba za a ji labarin ba, za a tsaya ne a kan rashin tarbiyyarka. Amma kishiyar hakan ma cuta ce, wato a kwashe minti huɗu cikin biyar ana jero sunaye. Daƙiƙa ashirin zuwa talatin sun isa: sallama, godiya ga Allah da salati, uban taro, babban baƙo, sai sauran jama'a a dunƙule, iyaye maza da mata. A rubuta sunaye da sarautu a bayan katin bisa tsarin girma, a tabbatar da su wurin masu shirya taro, domin kiran Wakili da sarautar Madaki ko tsallake mai unguwa ya fi in'ina muni. Idan mutum uku sun riga ka sun jero sunayen, gaida uban taro kawai ka wuce.

Ya hana buɗe jawabi da ba da haƙuri, kuma a nan ina tare da shi duk da cewa al'adarmu tana son tawali'u. "Ni dai ba gwanin magana ba ne" ko "ban shirya ba, yanzu aka faɗa mini" ba tawali'u ba ne, sanarwa ce ga jama'a cewa su daina saurare. Neman afuwa a ƙarshe kan abin da aka yi kuskure wani abu ne daban, yana da kyau kuma ana tsammaninsa.

Ya nace ka yi magana daga abin da ka gani da idonka. Shawara ce mai kyau, amma a wurinmu yabon kai jahilci ne, kuma wanda ya cika "na yi, na yi" zai rasa jama'a. Mafita ita ce labarin ya zama wanda kai shaida ne a cikinsa, ko wanda kai ne ka yi kuskure, ba wanda kai ne gwarzo ba. Kallon ido ma haka. Ƙura wa dattijo ido ba ƙarfin hali ba ne a nan. A raba wurin kashi uku, dama da tsakiya da hagu, a ba kowane kashi jimla ɗaya ko biyu, kada a manta ɓangaren mata idan an ware musu gefe, wanda masu jawabi da yawa suke juya wa baya har su gama.

Sai batun harshe. Littafin da Turanci yake, kuma wanda ya tsara jawabinsa da Turanci zai gabatar da Hausa yakan ƙare da Ingausa, yana fassara a tsaye yana kame-kame. A tsara da harshen da za a yi magana da shi tun daga kati. A kula da lambobi musamman: "dubu ɗari biyu da hamsin" wani zai ji 250,000 wani 200,050, don haka a taron gidauniya a ce "dubu ɗari biyu da dubu hamsin". Karin magana ɗaya da ya faɗa wurinsa yana yin aikin minti guda na bayani. Uku a jere sun zama wasan kwaikwayo.

Akwai abubuwan da littafin bai taɓa ba saboda zamaninsa. Ba ya koya maka makirufo, alhali a nan ne ake yawan lalata jawabi mai kyau. A riƙe shi ƙasa da leɓe kaɗan, tazarar yatsu uku ko huɗu, ya bi baki duk inda kai ya juya. Kada a rufe kansa da tafin hannu, kada kuma a tsaya gaban lasifika, waɗannan biyun su ke jawo ƙarar nan mai tsaga kunne. Misalansa kusan duka na Amurkar zamanin da ne, da sunayen da mai karatu na yau bai sani ba, yana maimaita kansa, kuma wurare da yawa talla ce ga ajinsa. Abin yabo ɗaya: babu ƙaryar nan da ta cika sababbin littattafan gyara kai, cewa kalmomi kashi 7 ne kacal cikin ɗari na saƙo, murya 38, fuska 55. Lambobin sun fito ne daga binciken masanin halayyar ɗan Adam Albert Mehrabian na 1967 kan yadda ake gane so ko ƙi idan kalma ɗaya ta saɓa da murya ko fuska. Ba su shafi jawabi ba. Mai fanko a ciki ba zai tsira da kaɗa hannu ba.

Hanyar da na ga tana fitar da amfanin littafin ita ce babi ɗaya a mako, mako goma sha huɗu. Kowane mako a yi jawabin minti biyu a kan darasin babin, a jingina waya a ɗauki bidiyo, a kalla sau biyu. Karo na farko a rufe ido a saurari murya, a ƙirga "wato" da "ka gane" da "a gaskiya" da "eh to", a rubuta adadin. Karo na biyu a kashe sauti a kalli jiki: rausaya, gyara hula ko mayafi, hannu a aljihu. Kalmomin ciko ba sa fita da niyyar dainawa, suna fita ne idan an maye gurbinsu da shiru na daƙiƙa ɗaya ko biyu, wanda mai magana yake ji kamar shekara amma mai sauraro yake ji kamar natsuwa.

Waya dai ba ta da ido, kuma idanun mutane ake tsoro. Ƙungiyar koyon jawabi ta Toastmasters, da Ralph Smedley ya kafa a 1924 a jihar Kalifoniya, tana da rassa a Legas da Abuja, kuma tsarinta abu ne da mutum biyar ko shida za su iya kwaikwaya a zaure ko a aji bayan an tashi. Ɗaya ya yi jawabin minti biyar zuwa bakwai da ya shirya, sauran a jefa musu batu ba shiri su yi minti ɗaya zuwa biyu, wani ya riƙe agogo, wani ya ƙirga kalmomin ciko, wani ya faɗi abu biyu da suka yi kyau da abu ɗaya na gyara. Ɗaya tak, domin gyara biyar a zama guda yana kore mai koyo.

Wanda in'inarsa ta halitta ce, ko wanda fargabarsa ta kai ga hana shi shiga mutane gaba ɗaya, littafin nan ba zai wadatar da shi ba, ya nemi likita ko ƙwararre kan matsalar furuci. Mai saye kuma ya buɗe kafin ya biya. Kwafin jabu ya yi yawa a kasuwa, wasu rubutun ya dushe, wasu shafuka sun maimaitu wasu sun ɓace, kuma ɗaurin yana ɓarewa kafin a kai rabi. A duba jerin babuka a farko, a tabbatar na goma sha huɗu yana nan a ƙarshe.