Zanen kwana 31 da hannu mai ciwo: abin da ya cancanci kuɗinka kafin Oktoba

Da zarar Satumba ta raba, masu zane a Samaru da cikin garin Zariya sukan fara shirin Inktober, wato zane ɗaya da tawada kowace rana har Oktoba ta cika kwana 31. Wani mai zane ɗan Amurka, Jake Parker, ya faro abin a 2009 don ya horar da hannunsa, daga 2016 kuma aka riƙa fitar da jerin kalmomi, kowace rana da tata. Mai lafiyayyen hannu zai zaɓi alƙalami ne gwargwadon sha'awarsa da aljihunsa. Wanda wuyan hannunsa ke zogi, ko yatsunsa ke sagewa cikin dare, shi kam zaɓin ne zai nuna ko zai kai ƙarshen wata ko zai ajiye a mako na biyu.

Irin wannan ciwo ba faɗuwa ke kawo shi ba. Matse alƙalami da ƙarfi, danna shi a kan takarda, da maimaita ɗan ƙaramin motsi sau dubbai ba hutu, su ke sa jijiyoyi kumbura. Don haka duk abin da mai shago ya miƙo maka, tambayar ita ce: zai rage matsa da dannawa da yawan layuka, ko zai ƙara?

Bairo shi ne mafi araha, kuma shi ne mafi cutarwa. Tawadarsa mai kauri ce, sai an danna take fita, inuwa kuma ba ta samuwa sai an jera layi kan layi. Zanen bairo yana da kyau ƙwarai, akwai masu fitar da fuska da shi kamar hoto, amma wannan aikin masu lafiyar hannu ne. A bana ka bar shi a aljihu.

Sai alƙaluman zane masu siririn baki irin su Sakura Pigma Micron, waɗanda kusan kowane ɗalibi ke mafarkin mallaka. Tawadarsu na zuba ba tare da dannawa ba, in ma ka danna bakin ne zai lalace, wannan kuwa horo ne mai amfani. Matsalarsu biyu ce. Jikinsu siriri ne, dole yatsu su ƙanƙame. Sannan lamba 01, mai faɗin milimita 0.25, tana jan mutum ya yi ta saƙa ƙananan layuka har awa biyu su wuce bai ɗaga kai ba. In Micron za ka saya, ɗauki 08 ko wanda ya fi shi kauri, ka manta da cikakken saiti. Ka kuma gwada shi a takarda kafin ka biya, domin jabu ya yi yawa a kasuwa; na jabu yakan yi ta tsallake, ya tilasta maka dannawar da kake gudu.

Ni dai, da za a ce in zaɓi abu ɗaya, alƙalami mai bakin burushi zan ɗauka, irin Pentel Pocket Brush. Gashinsa mai laushi ne, taɓawa kaɗan ta isa, kuma wurin da Micron zai ci maka layi ɗari kafin ya yi baƙi, shi shafa biyu ya gama. Yana kuma koya wa mutum jan layi daga gwiwar hannu da kafaɗa maimakon yatsu. Amma akwai tarko: sabon shiga yakan ji burushin na kuɓuce masa, sai ya ƙara ƙanƙamewa, ciwon ya dawo ta bayan gida. Kada ka ruɗa shi da Tombow Fudenosuke. Wannan bakinsa ya fi tauri, kaurin layinsa kuma daga dannawa yake fitowa. Ba kullum ake samun irin na Pentel ɗin a shagunan Samaru ko Sabon Gari ba, sau da yawa sai an yi oda daga Legas, a haɗa da ƙananan kwalaben tawadarsa. In kuɗin bai kai ba, burushin fenti na ruwa mai tsini da kwalbar baƙar tawada za su yi kusan aiki ɗaya.

Akwai wanda ake rainawa alhali yana ƙofar gida: alƙalamin kara na makarantar allo. Ba shi da nauyi, kai za ka zaɓi kaurin karan da ya dace da hannunka, kai za ka fiƙe bakinsa. Kowane 'yan layuka sai ka tsoma a tawada, wato hutun da likita ke roƙon ka yi, alƙalamin ya tilasta maka. A garin da su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958, suna neman haɗa fasahar gida da ta Turai, ba abin kunya ba ne ɗalibin zane ya je zauren malam neman kara. Aibinsa, yana ɗiga, kuma tawadar allo an yi ta ne don a wanke, ruwa kaɗan ya taɓa zanen ta narke. Haɗa shi da tawadar kwalba.

Kowanne ka zaɓa, ƙara masa kauri. Naɗa masa soso ko bandeji a wurin riƙewa har ya cika hannu. Wannan ba ya cin komai, kuma sau da yawa ya fi sabon alƙalami amfani.

Maganar allon zane na kwamfuta, irin na Wacom ko Huion ko XP-Pen, tana bukatar natsuwa, don a nan kuɗi ke tafiya. Alherinsa na gaske ne: a manhaja irin Krita, wadda kyauta ce, ana iya daidaita alƙalamin ya ba da layi mai kauri da taɓawa kaɗan, cika wuri da baƙi kuma latsawa ɗaya ne. Amma ƙaramin allon Wacom mai suna Intuos filin zanensa milimita 152 ne a 95, wuyan hannu kaɗai ke aiki a kai. Matsakaici ya fi wa mai ciwo. Sannan damar goge kuskure ba iyaka tana sa mutum ya ja layi ɗaya sau ashirin, hannun hagu ma ya shiga wahala a kan madannai. Mai fuska, wanda kake zane kai tsaye a kan gilashi, ya fi tsada, ya fi cin wuta, kuma ka san halin wutarmu. Wanda bai saba ba, kada ya saya don wannan watan. Zane da yatsa a waya kuwa, babban yatsa ne zai biya bashin.

Maɗaurin wuyan hannu kada ka saye shi da ka a kemis. Iri-iri ne. In babban yatsa da manuni da na tsakiya ke sagewa, musamman da dare, galibi jijiyar da ta ratsa tsakiyar wuyan hannu ce ta matsu, kuma maɗauri mai ƙarfe da ke miƙar da hannu lokacin barci ake ba da shawara. In zafin yana gindin babban yatsa ne, wani iri ne dabam wanda ke riƙe yatsan kansa. Wanda zai bambance maka shi ne likita ko ma'aikacin gashin ƙashi, kuma asibitin koyarwa na Shika yana da sashen. Kada ka yi zane da mai ƙarfen a hannu sai in su suka ce. Haka ƙwayoyin kashe zafi irin su diclofenac: shan su kullum don a samu a gama zanen yau yana ɓoye gargaɗin da jiki ke yi, ga kuma haɗarin gyambon ciki. In abu ya fara suɓucewa daga hannunka, ko naman gindin babban yatsa ya fara ramewa, maganar Oktoba ta ƙare, asibiti za ka nufa.

Masu Inktober da kansu sun yarda mutum ya yi zane bayan kwana bibbiyu ko sau ɗaya a mako, a 2020 ma suka fito da Inktober 52, zane ɗaya kowane mako duk shekara. Yanke wannan shawarar kafin sayayya, domin ita za ta nuna yawan takarda da tawadar da kake bukata. Takardar ta zama mai santsi don kada baki ya riƙa cijewa, kuma babba, ko da zanen layi goma ne kawai. Kafinta zai iya haɗa maka allo mai gangara da guntun katako, ya ɗauke wa wuya da kafaɗa nauyin sunkuyo. Odar alƙalami kuwa ka yi ta tun farkon Satumba, ka samu mako biyu kana gwada shi minti goma-goma, kana lura da yadda hannun ke kwana.