Ulun Stylecraft Special DK a bargo mai saƙar igiyar ruwa: ya cancanta?

Bargo mai saƙar igiyar ruwa, wanda layukansa ke hawa tudu su gangara kwari, ba ya rufa wa ulu asiri. Idan zaren yana da kauri a nan, siriri a can, tudun zai karkace, kowa ya gani. Shi ya sa ya dace a auna Stylecraft Special DK da irin wannan aiki. Ulu ne na wani kamfanin Ingila, zallar akirilik, wato zaren roba, kowane dunƙule giram 100, tsawonsa mita 295, kuma kwarashi mai milimita 4 aka rubuta a takardarsa.

Babban abin yabonsa kaurin zaren ɗaya ne daga farkon dunƙule har ƙarshe. Yana sulɓi a kan kwarashin ƙarfe, ba ya kartar yatsa, ga launuka birjik, wanda shi ne ruhin wannan bargo. Na gadon mutum ɗaya, faɗin kamar santimita 120, yana cin dunƙule wajen 15, wato kilo ɗaya da rabi. A hannun mai matsakaicin ja, sarƙa 213 kan ba da wannan faɗin: igiyar ruwa 15, kowacce ido 14 (ido shi ne gurbin da ake soka kwarashi), da ƙarin sarƙa 3 na juyawa.

Tun kafin a soma akwai tarko a sunan ɗinkin. Abin da takardun Ingila ke kira tirebul shi Amurkawa ke kira dabul: naɗa zare sau ɗaya, soka, jawo, cire biyu, cire biyu. Wadda ta ɗauki takardar Ingila ta karanta ta da fahimtar Amurka, ɗinkinta zai yi tsawo fiye da ƙima, bargon ya fito sako-sako.

Lissafin igiya ɗaya ba shi da wuya. Ki yi ɗinki 4 a jere, ki haɗe ido biyu su zama ɗaya har sau biyu, nan ne kwari. Ki sake yin 4, sannan ki zuba ɗinki biyu a ido ɗaya har sau biyu, nan ne tudu. Kin ci ido 14, kin mayar da 14. A layi na gaba dole ragi ya hau kan ragi, ƙari ya hau kan ƙari. A nan ulun ya burge, domin idanunsa na fitowa sarai, musamman a launuka masu haske. Ki leƙa kwarin layin ƙasa, za ki ga ɗinki biyu sun jingina da juna kamar bakin almakashi a rufe. Da zarar sabon ragin ya kauce musu ko da ido ɗaya ne, ki warware nan take. Ulun na jure warwara sau biyu ko uku bai yi gashi ba. Baƙi da shuɗi mai duhu kam sai da fitila mai kyau, kada mai koyo ta fara layin farko da su.

Aibinsa na farko, murɗin zaren ba shi da tsauri sosai. Kwarashi mai tsinin baki kan shiga tsakiyar zaren ya raba shi, an fi ganin haka wurin haɗe ido biyu, lokacin da madauki uku ke kan kwarashi. Mai zagayayyen kai ya fi dacewa da shi. Na biyu, akirilik ne, kuma akirilik ba ya shiri da zafi. Dutsen guga ya taɓa shi, zaren ya saki ke nan har abada, tudun ya kwanta, wani wurin ma ya yi ƙyalli don ya fara narkewa. Wanki a inji da ruwa mai ɗumi bai dame shi ba, amma bayan dogon amfani yakan yi 'yan ƙududdugai a inda jiki ke yawan gogawa. A tsinke su da almakashi, kada a fizge.

Wasu matsalolin kuwa ba laifin ulun ba ne, ko da yake shi ake ɗora wa. Bargon da gindinsa ya tsuke sama ta buɗe, sarƙar farko ce aka ja da ƙarfi. A yi ta da kwarashi mai milimita 4.5 ko 5, sannan a koma 4. Gefen da ke shigewa ciki layi bayan layi, an manta ne da zuba ɗinki biyu a saman sarƙa 3 ta ƙarshen layi. Wurin ƙanƙane ne, yana ɓuya, sai an lalubo shi da farce.

Sai batun bakin zare. Idan ana sauya launi bayan kowane layi biyu, kowane sauyi na barin wutsiya biyu. Saboda sulɓin ulun, ƙulli kaɗai ba ya riƙewa. Ki bar santimita 15, ki sa a allurar ulu, ki bi cikin ɗinki gaba, ki dawo baya. Ki riƙa yi bayan kowane launi uku ko huɗu, in ba haka ba ranar gamawa za ki tarar da wutsiyoyi sama da ɗari suna jiranki.

Wajen saye a duba lambar rini a takardar dunƙule. Launi ɗaya daga rini daban kan ɗan bambanta, kuma a bargo mai launi biyu ko uku bambancin na fitowa fili. Hanyar sanin ko ulu zai kai ita ce a ɗora dunƙule a sikeli kafin layi biyu da bayansu, a raba nauyin da layukan biyu suka ci gida biyu, a ninka da yawan layukan wannan launi.

Ga bargon yau da kullum, na yara ko na kan kujera, wanda zai sha wanki, ulun ya yi. Mai son ɗumin gashin tumaki na gaske, ko bargon da iska ke ratsawa kamar na auduga, ta nemi wani.