Ingco da Total ko Makita da Bosch? Amsa ga ƙaninmu na Jidda

Salamu alaikum jama'a. Ƙaninmu da ya yi tambaya jiya, ya ce zai fara ƴan aikace-aikace na ɗaura labule da kafa talabijin a bango da haɗa kabad, kuɗin hannunsa ba yawa, wai a injunan aikin hannu ya ɗauki irin su Ingco da Total ne ko ya daure ya tara ya sayi Makita ko Bosch. To ƙanina kafin a zo maganar suna, awa nawa injin zai riƙa yi a kunne kullum? A nan amsarka take.

Ingco da Total ƴan Chana ne, kuɗin Makita ɗaya sai ya saya maka biyu ko ma uku. Makita ta Japan ce, Bosch ta Jamus, DeWalt ta Amurka, amma kar wannan ya ruɗe ka don su ma da yawan kayansu a Chana ake ƙera su, duba jikin kwalin ka gani. Bambancin yana ciki, wayar da aka naɗe motar injin da ita da boris da giya da yadda aka kare su daga ƙura. Kuma ita Bosch kala biyu ce, shuɗiya ta masu sana'a, koriya ta aikin gida, kar wani mai shago ya miƙo maka koriya da farashin shuɗiya.

Diril na ɗaure sukuru da huda katako, wallahi mai arahar ya ishe ka. Minti biyu ne ka ajiye, ba ya samun lokacin da zai yi zafi ma. Anan ba na ganin dalilin zuba riyal.

Amma hilti, wato injin huda kankare, wata magana ce daban. Gidajen ƙasar nan bulo ne da kankare, in ka ci karo da ginshiƙi ko silin to nan ake gane na ƙwarai. Diril na yau da kullum mai alamar guduma karkarwa kawai yake yi, sai ka danna da ƙirjinka kana gumi ramin bai kai ko'ina ba, shi kuwa hilti mai bakin SDS fistin ne a cikinsa yake dukan ƙarfen, ba ka buƙatar dannawa. In za ka saya duba ƙarfin dukan da aka rubuta da jul, 2 zuwa 3 ya wadatar da aikinka, ka rabu da wat ɗin nan da ake rubutawa ɓaro-ɓaro a kwali, wat wutar da yake sha ce ba aikin da yake yi ba. Mai araha zai huda, ba a ce ba zai huda ba, sai dai in ka jera ramuka da yawa cikin zafin Jidda za ka ji gidan giyar ya yi zafin da ba ka iya taɓawa, giris ya fara tsiyaya, duka ya ragu, kai kuma ga mai gida tsaye a kanka yana duba agogo. Da ni ne, kuɗin da na rage a diril nan zan zuba su.

Sarukh kuma, wato injin yankan ƙarfe, shi ne nake jin tsoro. Ƙaramin mai inci 4 da rabi yana juyawa wajen sau 11,000 a minti. Injin kansa ko mai araha ne ba laifi in ba yini za ka yi kana yanka ba, amma faifan, don Allah kar ka nemi araha a faifai, araha ba ta ado. Duba zoben ƙarfen da ke tsakiyarsa, akwai ranar da yake daina aiki, su ma suna tsufa, kuma gudun da aka rubuta a jikinsa kar ya gaza na injin. Murfin kariya kuma a bar shi a wurinsa, na san ƴan warsha, wato masu shagon aikin hannu, da yawa cire shi suke yi su sa babban faifai, ganganci ne tsantsa. Tabarau dole.

Na batir kuwa ka sani batirin kake aure ba injin ba, don yawanci na wannan kamfani ba ya shiga na wancan, in ka fara da ɗaya ka ɗaure kanka. Wai 20V ya fi 18V, ba haka ba ne, ƙwayoyi biyar ne a jere a cikin duka biyun, wani ya rubuta lokacin da yake cike wani ya rubuta na aiki. Kuma ko na waye, in kana barinsa a but ɗin mota da rani kashe shi kake yi a hankali. Tunda yawancin gidajen da za ka shiga akwai wuta, hilti da sarukh ka sayi masu waya, sun fi sauƙi sun fi daɗewa.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne na jabu. Gara Ingco na gaskiya da Makita na bogi sau dubu, don shi na bogin ba garanti ba kayan gyara ba wanda za ka kama. In ka ga sabuwar Makita a dandalin saye da sayarwa na Haraj ko a kasuwar Sawarikh da kuɗin da bai kai rabi ba, ka wuce abinka. Wanda aka yi amfani da shi na asali kuma yana iya zama riba, amma sai an kunna a gabanka, leƙa ta ramukan iska, in tartsatsi na zagaye motar ko ka ji ƙaurin waya to amecar, wato ɓangaren motar da ke juyawa, ta kusa tafiya.

Duk wanda ka zaɓa, tambayi mai shago ko yana da kabon, wato gawayin da ke kai wa motar wuta, da makunni da ameca na wannan lambar, in ya fara kame-kame canza shago. A SACO, babban shagon kayan aiki, ko wurin wakili ka karɓi fatura, wato rasit, da takardar garanti, ka ɗauke su hoto a waya don rubutun fatura gogewa yake yi.