Calendly da Gmail a teburin mataimakiyar shugaba: me suka rage mini?

Ni ce mataimakiya ta musamman ga shugaban wani kamfani a Kano da ke shigo da kayan gini daga Sin da Dubai. Abin da ya fi cin lokacina a wannan aiki shi ne kai-komon neman ganawa. Wani ya ce yana son ganin oga ranar Talata, in duba in ga ba dama, in ba shi Laraba, ya ce yana Abuja, haka za mu yi ta yi har yini ya ƙare ba a tsayar da magana ba. Wannan ya sa na kama amfani da Calendly, na haɗa da wasu tsare-tsare da ke cikin Gmail da kalandar Google, kuma na daɗe da su isasshen lokacin da zan iya faɗin ra'ayina.

Calendly ba ta da wuyar gane wa. Kina haɗa ta da kalandar oga, ki faɗa mata ranaku da sa'o'in da ake karɓar baƙi, ita kuma ta ba ki mahaɗi guda, wato adireshin intanet da ake latsawa. Duk wanda kika tura wa zai ga guraben da suka rage kawai, ya zaɓi ɗaya, nan take ganawar ta shiga kalanda, shi ma ya samu imel na tabbatarwa. Ba ya ganin abin da oga yake yi a sauran lokutan, kuma wannan ne abu na farko da na bincika kafin na yarda da ita. Na ji daɗi da na san cewa wanda ya kafa kamfanin Calendly a 2013, Tope Awotona, haifaffen Legas ne da ya koma Amurka, a Atlanta kuma ya gina shi.

Inda ta fi burge ni shi ne lissafin bambancin lokaci. Dubai na gabanmu da awa 3, birnin Guangzhou na Sin da awa 7. Waɗannan ba sa sauyawa, mutum yana iya riƙe su a ka. Landan ce mai rikitarwa: daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba agogonsu ɗaya da namu, sauran watannin kuma muna gabansu da awa ɗaya, domin su suna juya agogo, mu ba ma juyawa. Duk mataimakiyar da ta taɓa shirya taron bidiyo da Ingila a makon da aka juya agogo ta san irin fargabar. Calendly tana nuna wa kowa guraben da agogon garinsu, don haka abokin cinikinmu na Guangzhou yana ganin ƙarfe 4 na yamma, ni ina ganin 9 na safe, kuma magana ɗaya ce. A kalandar Google ma na kunna agogo na biyu a gefe, ina ganin lokacin Dubai kusa da namu.

Sai dai manhajar ba ta san rayuwarmu ba sai an koya mata. Ni na toshe ranar Juma'a daga tsakar rana zuwa bayan an sauko daga masallaci, na toshe lokacin Azahar da La'asar na kowace rana, in azumi ya zo kuma in rage sa'o'in yamma. Akwai wurin sa tazara tsakanin ganawa da ganawa, na sa minti 15, saboda a wurinmu ba a sallamar baƙo da zarar agogo ya buga, sai an yi bankwana an rako shi bakin ƙofa. Akwai kuma wurin hana mutum kama gurbi a ƙurarren lokaci, na sa sai da sanarwar kwana ɗaya. Wanda bai zauna ya yi wannan shiri ba, zai ga kalandar ogansa ta cika maƙil ya ce manhajar ce ba ta da kyau.

Akwai mutanen da ba na tura wa mahaɗin ko kaɗan, kuma a ganina nan ne aikin mataimakiya yake. Dattijon da ya girmi oga, ko basarake, ko tsohon abokin cinikin mahaifinsa daga Kantin Kwari, ba za a ce masa ya latsa ya zaɓi lokaci ba. Zai ɗauka an raina shi, kuma yana da gaskiya. Irin waɗannan waya nake ɗagawa in gaishe su, in ce, "Ranka ya daɗe, Alhaji ya ce duk lokacin da ya yi maka daidai shi ne nasa," sannan in shigar da ganawar da hannuna, in matsar da abin da ya kamata a matsar. Mahaɗin na 'yan banki ne, da masu kawo kaya, da lauyoyi, da abokan hulɗa na waje, waɗanda su ma sun fi son hakan.

Ta fuskar kuɗi, tsarin kyauta yana ba da nau'in ganawa ɗaya ne kawai. Mai buƙatar na minti 15 daban da na awa ɗaya daban, ko saƙon tunatarwa mai fita da kansa, sai ya biya kusan dala 10 a wata, kuma da dala ake biya, sai a yi lissafi da canjin yau. Mu mun biya, tunatarwar kuma ta rage masu mantawa da alƙawari sosai.

Gmail kuwa, abin da na samu a cikinta bai ci ko kwabo ba. Oga ya ba ni wakilci a akwatin imel ɗinsa, ina karantawa ina amsawa ba tare da na san kalmar sirrinsa ba. Na kafa ƙa'idojin tace saƙonni, takardun jigilar kaya su tafi wuri guda, na banki wuri guda, tallace-tallace kuma kada ma su bayyana a gaba. Na ajiye shiryayyun amsoshi na abubuwan da ake yawan tambaya, ina gyara suna da gaisuwa kafin in tura. Sannan akwai tsara lokacin aikawa: in rubuta da yamma, saƙon ya isa Guangzhou da safiyarsu.

Na kuma gwada wata manhaja mai sauraron taro ta rubuta abin da aka faɗa. Da Turanci zalla tana ƙoƙari. Amma tarukanmu ana fara su da Turanci, a zarce da Hausa, a sako addu'a, a dawo, abin da take fitarwa sai ya fi ƙarfin gyara. Ga kuma batun sirri, don ban natsu da a ɗora maganar farashi da bashi a wurin da ban san wa ke iya gani ba. Na koma ga littafina da biro.

Rabin buƙatun da ke zuwa mini har yanzu ta WhatsApp suke shigowa, da yawansu ma saƙon murya ne, kuma babu ɗaya daga cikin waɗannan kayan aiki da ke saurare ya gane mai gaggawa. Ga wadda oganta ke hulɗa da ƙasashen waje ko yake ganawa da baƙi da yawa a mako, ina ba ta shawarar ta fara da tsarin Calendly na kyauta da tace saƙonnin Gmail, ta zauna da oga su rubuta sunayen waɗanda ba za a taɓa tura wa mahaɗi ba, kafin ta tura wa kowa.