Gargaɗi ga maharba: ku yi hattara da masu tallan mazubin harsashi a waya

Assalamu alaikum iyayena da 'yan'uwana maharba na Garwa, Gidar, Fitowa har zuwa Marwa a arewacin Kamaru. Akwai wasu mutane da suka shigo rukunonin WhatsApp da Facebook suna tallan ƙaramin mazubin dalma, mai kama da awartaki, wanda ake zuba harsashin bindigar ɗuri da shi a daji. Suna cewa kayan Amurka ne, ya shiga aljihun riga, kuma sun karya kuɗinsa don tausayin talaka. Don Allah kada kowa ya tura musu ko sefa ɗaya.

Irin wannan mazubin akwai shi da gaske, shi ya sa maganarsu take shiga kunne. Kamfanonin Amurka irin su Lee da Lyman suna ƙera shi, Lee da alminiyam, Lyman da ƙarfe, kuma hotunan kayansu ne waɗannan mutane suke ɗebowa daga intanet su liƙa. Sai su ce kaya suna Duwala, ka tura rabin kuɗi ta Orange Money ko MoMo, a sa maka a motar ajans, wato ta kamfanin sufuri. Bayan kwana kaɗan a kira ka a ce 'yan duwan, wato kwastan, sun riƙe, sai ka ƙara wani abu. In ka ƙara, lamba ta mutu.

Wanda aka cinye wa kuɗi haka, wallahi ya fi sa'a a kan wanda kayan suka iso hannunsa. In ma sun aiko, abin da suke aikowa zubin tutiya ne da aka shafa wa ruwan tagulla. Dalma tana narkewa a zafi digiri 327, kuma mai zubi yakan ƙara mata wuta sama da haka don ta gudana sosai. Gaurayen tutiyar da ake yin marfin ƙofa da kayan wasan yara da shi kuwa yana narkewa kafin digiri 400. Tazarar ta yi kaɗan. Mazubin zai yi laushi, bakinsa ya karkace, narkakkiyar dalma ta tsiyayo a hannu ko a ƙafa, kana tsakiyar daji babu asibiti kusa. Ko bai narke ba, ɓangarorinsa biyu ba sa haɗuwa daidai, sai harsashi ya fito da tudu a gindi. Duk maharbi ya san abin da ke faruwa in harsashi ya maƙale a tsakiyar bututu bai sauka kan albarushi ba, aka kuma harba: bututu ya kumbura ko ya fashe, ya tafi da yatsu ko ido.

Ga babbar alamar da za ku gane su da ita. Mazubin gaskiya kowanne da awonsa a rubuce a jikinsa. Bindigar da bakinta yake .50 na inci, harsashin .490 ake zuba mata, a bar wurin ɗan ƙyallen da ake naɗe shi. Namu bindigogin kuwa maƙeranmu ne suka ƙera, kowacce da faɗin bakinta, biyu ma daga maƙera guda ba lalle su zo ɗaya ba. To wanda ya ce maka mazubinsa "yana yi wa kowace bindiga", bai tambaye ka awon taka ba, ko dai bai taɓa riƙe bindiga ba, ko kuma ya san babu abin da zai aiko.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne sun san wanda suka cuta ba zai kai ƙara ba. Tun dokar makamai ta 14 ga Disamba 2016, ga kuma halin tsaro da Arewa Mai Nisa take ciki, dattijon da bindigarsa ta gado ba ta da takarda ba zai je gaban jandarma ya ce an damfare shi a cinikin kayan harsashi ba. Har akwai waɗanda in ka matsa da neman kuɗinka sai su ce za su miƙa hirarku ga hukuma. Mutumin da gwaggon biri ya hana shi cin masararsa, ya sayar da akuya don ya kare gonarsa, shi ake yi wa wannan.

Mai buƙata ya fara gyara takardunsa, sannan ya bi ta hannun sarkin baka na yankinsa, ya je wurin maƙerin da aka sani, a auna bakin bindigar a gabansa, a gwada zubi ɗaya ya gani kafin kuɗi su bar aljihu. Matasa kuma, ku da kuke riƙe wa iyayenmu waya, in Baba ya ce a tura kuɗin mazubi ku karanta masa wannan tukuna. Wanda kuma ya riga ya karɓi irin wancan kayan, kada ya kai shi kusa da wuta. Ku ɗauki hoton tallan da lambar, ku tura wa shugaban rukuni ya fitar da su.